Turawa sun ɗauke ƙafa daga duwatsun Rumsiki da dajin Waza na arewacin Kamaru, to me ya sa kuɗin zuwa ke ta hawa?

Baban_Khadija_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga mutanen Marwa da Mokolo ce, musamman masu mota. 'Ya'yan yayata za su zo hutun ƙarshen shekara daga Yawunde, sun dame ni sai na kai su Rumsiki sun ga duwatsun nan da ake buga musu a littafin makaranta. Na tambayi hayar mota daga Marwa, na tambayi ɗaki, abin da aka faɗa mini sai da na ajiye waya na yi shiru. Ga abin da ya ɗaure mini kai. Kowa ya san Turawa sun daina zuwa tun 2013. Ni ɗan kasuwa ne, na san idan masu saye suka ragu kaya sauka yake yi. To yaya aka yi wannan harka ita kaɗai baƙi na raguwa kuɗi na hawa? Ko har yau farashin Bature ake yanka mana?

Hajiya_Mai_Turare:
Wa alaikumus salam. Riga ni ka yi Baban Khadija. Mu da aka haifa a nan sai mu tsufa ba mu taɓa ganin wuraren da ke cikin kalandar ɗakinmu ba. Ina jiran masu mota su fito.

Direba_Domayo:
Ga mu mun fito Hajiya. Alhaji Baban Khadija, Allah ya ƙara arziki, kafin a yanke mana hukunci a duba famfo tukuna. Har farkon 2023 litar fetur sefa 630 ce, gazuwal, wato dizal, 575. A watan Fabrairu na 2023 aka kai fetur 730, gazuwal 720. Fabrairun 2024 aka sake ƙarawa, fetur 840, gazuwal 828. Motocin da ke iya hawan duwatsun Kapsiki inda Rumsiki take yawanci gazuwal suke sha, ka lissafa da kanka daga 575 zuwa 828.

Sannan mu mutanen arewa da ma ba famfo ne ke riƙe da mu ba, zuwa-zuwa ne. Man Najeriya na kwalba da jarka shi ya sa kuɗin acaɓa da kuɗin mota ke da sauƙi a Marwa shekara da shekaru. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki kwalba ta tashi a bakin titi. Ƙara da hanya. Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, da kwalta ko ba daɗi. Daga Mokolo zuwa Rumsiki kimanin 50, amma wannan hamsin ɗin ta fi tamanin ɗin cin taya da sufirin. Inshora da takardun mota kuwa ba ruwansu da ko ka yi aiki ko ba ka yi ba.

Dan_Kasuwar_Garwa:
Malam direba mai ya hau kan kowa. Mai kai albasa Kusiri shi ma gazuwal yake saye, bai ninka kuɗinsa haka ba. Ku dai ku faɗi gaskiya, da kun ji an ce "yawon buɗe ido" sai lissafi ya sauya.

Direba_Domayo:
Mai albasa yana tafiya da kaya ya dawo da kaya ɗan'uwa. Ni in na kai iyali Rumsiki mota tana kwana tana jiransu, ni ma in kwana in ci abinci. Ba ɗaya ba ne.

Tsohon_Jagora_Mokolo:
Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan magana, shi yake rubuta mini ina faɗa. Na yi aikin rakiyar baƙi tun ina saurayi, bari in ba ku yadda abin yake a da, sai ku gane na yanzu.

Lokacinmu daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Baƙi su hau jirgin ƙasa daga Yawunde su kwana a hanya su sauka Ngaundere, su shiga dajin Binuwai su ga dorina da ɓauna, su wuce Garwa, su zo Marwa. Daga nan ne namu ke farawa. Kasuwar Mokolo ran Laraba, kasuwar Turu ran Alhamis inda mata ke kifa jar ƙwarya a ka, kwana biyu ko uku ana tafiyar ƙafa a duwatsun Kapsiki, sai Ujila wajen sarki mai mata da yawa, sai Mora, a ƙarasa a Waza. Faransawa, Jamusawa, Italiyawa, 'yan Holan. Abin da mutane ba su lura ba shi ne yadda kuɗin ke rarrabuwa. Mai jaki ya samu, mai doki ya samu, masaƙi ya samu, maƙerin tagulla ya samu, matar da ke gina tukwane ta samu, mai gidan da aka kwana a zaurensa ya samu. Kowa kaɗan-kaɗan, amma kullum. Shi ya sa ba wanda ya matsa wa baƙo.

Yau jagora sai ya yi makonni bai ga ƙungiya ɗaya ba. Ran da Allah ya kawo mota guda, duk garin a kanta ido yake. Kamar mahaucin ƙauye ne da ya yanka sa ranar da ba kasuwa, mutum ukun da suka zo su zai ɗora wa kuɗin san. Ban ce daidai ba ne Alhaji, na ce haka abin yake. Kuma mafi yawan waɗanda muka yi aiki tare sun bari. Wasu sun koma noman dankali, wasu acaɓa a Marwa, wasu sun gangara kudu. Ƙwararrun sun ƙare, saura masu tare hanya.

Baban_Khadija_Garwa:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ya ja kwana. Na fahimci wannan ɓangaren. Sai dai in haka ne ai da'ira ce: tsada ta kori irinmu, rashin irinmu ya ƙara tsada.

Abba_Pitoare:
Duk abin ya lalace ne ranar da aka sace Turawan nan a cikin dajin Waza. 2014 ke nan in ban manta ba.

Malama_Tarihi:
Abba ka haɗa abu biyu. Iyalin Faransawan, mutum bakwai har da yara huɗu, ranar 19 ga Fabrairun 2013 aka ɗauke su, kuma ba cikin dajin ba, a wajen Dabanga ne bayan sun kwana a Waza. An sako su a watan Afrilu. A Nuwambar wannan shekarar aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a Ngecewe. Na 2014 da kake tunawa ma'aikatan hanya ne 'yan Sin su goma, a watan Mayu a Waza, aka sako su a Oktoba. Abin da ya biyo baya shi ya fi yi mana illa: ofisoshin jakadanci suka shafa wa yankin jan launi a taswirarsu. Da zarar an yi haka kamfanin inshora ba ya tsaya wa matafiyi, kamfanin shirya tafiya kuma ba ya sa sunan wurin a takardarsa. Ko an shekara biyar ba a ji ƙarar bindiga a gari ba, jan launin yana nan. Sai korona ta zo a Maris ɗin 2020 aka rufe iyakoki, ta ƙarasa ɗan abin da ya rage.

Abba_Pitoare:
To Malama, ko a ciki ko a waje dai sunan Waza aka ji a rediyo.

Mai_Karbar_Baki:
Ni a otal nake aiki a Marwa, ba zan faɗi wanne ba. Ina so in gyara wani abu a tambayar Alhaji. An ce baƙi sun ragu. Masu kyamara da gajeren wando ne suka ragu, ɗakuna kuwa ba su zauna wayam ba. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013 ƙungiyoyin agaji suka cika Marwa da Mokolo da Mora da Kusiri. Su ne ke kama ɗaki na mako guda, su kama zauren taro, su yi odar abincin mutum arba'in, kuma ba sa ciniki, takarda kawai suke so. Motocin haya masu kyau ma su suke ɗauka na wata-wata. To mai otal da ya saba da wannan me zai sa ya rage wa mai iyali? Ba farashin Bature ake yanka muku ba Alhaji, farashin ƙungiya ne.

Ga kuma abin da baƙo ba ya gani. Tun 2017 akwai harajin kwana da gwamnati ta sa, daga sefa 500 har 5,000 kowane dare gwargwadon taurarin otal. In wuta ta ɗauke, a watan Maris ko Afrilu ba mai kwana a ɗaki ba sanyi, dole a tayar da janareta, mu koma kan gazuwal ɗin da direba ya lissafa.

Hajiya_Mai_Turare:
Yauwa! Wannan ita ce magana. Ko hayar gida a Marwa haka ta tashi. Mai gida da ya ji ƙungiya na neman ofis sai ya ba ɗan haya wa'adi.

Direba_Domayo:
Ban musa ba. In ƙungiya ta ba ni kwantiragin wata uku, wallahi ba zan bar shi don tafiyar kwana biyu ba. Sai dai su ma sun fara ja da baya tunda Amurka ta yanke kuɗin agaji a 2025. Akwai abokan aikina da motocinsu ke ajiye yanzu.

Dan_Kasuwar_Garwa:
To ga shi nan. Motoci na ajiye amma kuɗi bai sauka ba. Abin da Baban Khadija ke faɗa ke nan tun farko.

Bahaushen_Injamena:
Gaisuwa daga ƙetaren gada. Ina bin maganarku, bari in kawo namu na Cadi don a gwada. Mu ma mai ya tashi, a Fabrairun 2024 fetur ya bar 518 ya koma 730, alhali muna da matatarmu a Jarmaya. Amma Turawan da kuka rasa wasunsu nan suka juyo. Dajin Zakuma tun 2010 ƙungiyar African Parks ke riƙe da shi. Giwayen da mafarauta suka ragargaza daga sama da dubu huɗu zuwa ƙasa da ɗari biyar sun fara haihuwa, lamba na ƙaruwa. Tafkunan Unyanga sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2012, duwatsun Enedi a 2016. A ƙarshen damina kuma ana kawo baƙi kallon bikin gerewol na Wodaɓe a wajen Durbali.

To amma kada ku yi mana hassada da wuri. Zuwa Enedi sai motoci biyu aƙalla, da mai dafa abinci, da ruwa da man kwanaki, tafiyar mako biyu. Wane ma'aikacin gwamnati ne zai iya? Baƙi kaɗan ne masu kuɗi da yawa, kuɗin kuma a hannun 'yan kamfanoni ƙalilan yake tsayawa. Abin da na yaba a Zakuma shi ne an ware wa 'yan ƙasa sansani nasu, ana kuma kai ɗalibai da mutanen ƙauyukan kewaye su ga dabbobi. Wato an yarda tun farko cewa aljihun baƙo daban, na ɗan gida daban.

Dan_Kusiri_77:
Yaya na Injamena, ka manta ku ne baƙinmu na gaske. Ran Asabar da Lahadi ku duba gadar Ngeli. 'Yan Cadi ne ke cika Kusiri, su ne ke zuwa asibiti a Marwa da Garwa, 'ya'yansu ne a jami'ar Marwa da ta Ngaundere. Ba a kiransu masu yawon buɗe ido amma su ke kwana a otal su ci abinci su sayi kaya. Yanzu ga gadar Yagwa da Bongor an buɗe a Afrilun 2025. Da hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ta gyaru da ba sai mun jira Bature ba.

Bahaushen_Injamena:
Wannan hanyar kam kada ka tuna mini. Ƙashin bayana bai yafe mata ba.

Yar_Jamia_Marwa:
Ina wuni iyaye da yayye. Mu ɗalibai muna zuwa Rumsiki, ku daina cewa ba kowa. Mukan yi karo-karo mu ɗauki bas, mu tafi da shinkafarmu da tukunya. Ran da muka je mun tarar da 'yan kudu ma'aikata da aka turo aiki arewa, da wasu amare da ango suna ɗaukar hoto. Yawancin masu zuwa yanzu hoto ne ya kawo su, a tsaya a gaban dutsen a ɗauka a sa a TikTok a juya kafin la'asar. Ba sa kwana, ba sa tafiyar ƙafa, ba sa sayen saƙa. Ina ganin shi ya sa mutanen garin ke cewa ba baƙi ko da motoci na zuwa.

Tsohon_Jagora_Mokolo:
'Yata kin faɗi daidai. Mai kwana shi ne baƙo. Wanda ya zo da tukunyarsa ya koma da ita, ƙura kawai ya bar mana. Ba laifinku ba ne, ɗalibi ina ya ga kuɗi.

Baduku_Marwa:
Tunda an zo kan saye bari mu ma mu yi kukanmu. Ni a kasuwar masu sana'ar hannu nake, gadon gidanmu ne dukanci. A da jakar fata, da tabarmar fata ta ƙasa, da fulon zama, Bature ke ɗauka, ya yi ciniki kaɗan don nishaɗi ya biya. Yanzu mai sayenmu 'yar Duwala ce mai shago da ke turo hoto ta WhatsApp ta ce a yi mata takalmi ƙafa hamsin irin wannan, a sa a mota. Ciniki ya fi yawa a lamba amma riba ta yi siriri. Fata ta yi tsada a majema, gam da zare da ƙarfen jaka duk daga waje suke. Kuma aikin da ake so ya sauya. Ba mai neman aikin da za ka yi mako kana zane a kansa. Yaran da muke koya wa ba su iya shi ba ma, don ba a taɓa yi musu odarsa ba.

Alhaji_Mubi_Border:
Ku ba ni dama in yi magana a madadin mutanen Najeriya, ni ina tsakani. Lokacin kofin Afirka a Janairun 2022 kun ga yadda muka cika Garwa. Daga Yola, Mubi, Kano, Maiduguri, filin Rumde Ajiya kamar gida, ran da aka ci Masar ɗaya da nema gari bai yi barci ba. Har Tunisiya ta fitar da mu ranar 23 ga wata muka tattara. Mutane da yawa sun ce za su dawo da iyali su ga Lagdo. Me ya hana? Naira. Sefa tana ɗaure da yuro, naira kuwa aka sake ta a 2023, har sefa dubu ɗaya ta haura naira dubu biyu. Malamin makaranta a Yola in ya canza albashinsa, kwana nawa zai yi a otal ɗin Garwa? Yanzu ma juyawa abin ya yi, ku ne ke shigowa Mubi sayayya.

Dan_Kasuwar_Garwa:
Alhaji otal-otal ɗin da aka gina don wannan ƙwallon fa suna nan, sai biki da taron ƙungiya. Mako biyu aka yi ana rawa.

Ustaz_Abu_Maryam:
Ina da jan hankali. Duk wanda zai kai yara Rumsiki ya kiyaye da mai duba da ƙaguwa. Jagorori suna sa shi cikin zagayen kamar dole ne. Musulmi ba ya zuwa wajen mai duba ko da wasa, kada a je kallon dutse a dawo da zunubi, kuma an biya kuɗi a kai.

Abba_Pitoare:
Ustaz ai kallo ne kawai. Tsoho ya sa ƙaguwa a tukunya da yashi da 'yan itatuwa, ya rufe, ya buɗe ya faɗi abin da ya gani. Turawa dariya suke yi su ba shi kuɗi.

Ustaz_Abu_Maryam:
Su Turawa ne Abba. Kai da ka yi tambaya ka saurari amsa ka shiga ciki.

Tsohon_Jagora_Mokolo:
Malam, ba a tilasta wa kowa. Ka gaya wa jagora tun a bakin mota, zai wuce da kai wajen masaƙa da maƙera. Al'adar Kapsiki ce tun kafin a san Bature, su ma ba don baƙi suka fara ba. A bar musu abinsu, mu riƙe namu.

Shugaban_Zaure:
Jama'a an ji ɓangarorin biyu, a tsaya nan. Maganar tsada muke yi.

Maman_Ikram_Ngaundere:
Ni ina ganin maganar Ustaz ta taɓo wani abu ko da ba shi ya nufa ba. Duk tsarin wuraren nan don wani irin baƙo aka yi shi, kuma wannan baƙon ya tafi. Ɗaki gado ɗaya na mutum biyu, ni kuwa ina tafe da yara biyar da ƙanwar miji. Abinci sai a kawo maka takarda da sunaye, faranti ɗaya kuɗin cefanen gidana na yini. Wurin alwala sai ka nema, banɗaki ba buta. Da za a sami mai babban ɗaki da katifu a ƙasa, da tuwo da miyar kuka ko ƙosai da kunu da safe, a ce kuɗin iyali kaza, wallahi da hutun makaranta ba zai rasa mutane ba. Muna da kuɗin, ba mu da yawansa ne a kan mutum ɗaya. Ba wanda ya zauna ya yi lissafi da mu.

Hajiya_Mai_Turare:
Maman Ikram Allah ya yi miki albarka. Buta kam ni da tawa nake yawo.

Mai_Karbar_Baki:
Hajiya gaskiya ne, amma in faɗa muku abin da masu otal ke tsoro. Iyali mutum takwas a ɗaki ɗaya ruwan mutum takwas ne, a kan duwatsu kuwa da rani ruwa saye ake yi. Sannan namu mutanen in an ce dubu goma sai sun kawo sunan kawunsu da ya san mai otal.

Jikan_Mai_Dawa:
An bar Waza a baya. Ni mahaifina ya yi aikin gandun daji, kuma ina ganin ko tsaro ya dawo gobe, Waza ba za ta koma yadda take ba sai an yi aiki. Dajin nan tun 1934 aka keɓe shi, ya zama gandun ƙasa a 1968, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700. Rayuwarsa ambaliyar kogin Logon ce da ke malala cikin fadama kowace shekara. Da aka gina dam ɗin Maga a 1979 don noman shinkafa ruwan ya ragu, ciyawa ta sauya, dabbobi suka ragu. A shekarun 1990 an buɗe wani ɓangare don ruwa ya koma, ya taimaka, amma bai kai na da ba. Ƙara da shanu da ke shiga, da mafarauta, da shekarun da ma'aikata ba sa iya zagaye. Raƙuman dawa suna nan, tsuntsaye suna nan, a Maris da Afrilu in ka tsaya a bakin tafki za ka ga abin kallo. Zaki kuwa sai mai rabo. To mutum ya biya mota, ya biya shiga, ya biya jagora, wani lokaci da rakiyar soja, ya dawo bai ga abin da aka ba shi labari ba. Wannan ma tsada ce.

Dajin Buba Njida ma kada a manta, a farkon 2012 mahaya dawakai daga Sudan suka kashe giwaye ɗaruruwa a can. Tun kafin Dabanga ke nan.

Malama_Tarihi:
Akwai labari mai daɗi dai. A watan Yulin 2025 UNESCO ta sa kufan Diy-Gid-Biy na duwatsun Mandara cikin jerin kayan tarihin duniya. Gine-ginen dutse ne ba laka ba siminti, a yankin Koza da Mayo Moskota, masu shekaru ɗaruruwa. Ina koya wa ɗalibaina, kuma ba ko ɗaya a ajin da ya taɓa jin sunan.

Dan_Kusiri_77:
Malama wa zai je Mayo Moskota kallon dutse yanzu? Mutanen wajen da kansu a kan duwatsu suke kwana wani lokaci.

Malama_Tarihi:
Ban ce a je gobe ba. Na ce a sani.

Dan_Faransa_Bamarwe:
Daga nan Liyon nake bin ku. Ku ƙara da biza. Tun 2023 bizar Kamaru ta gajeren zama ta koma sefa 100,000, ta intanet ake nema. 'Ya'yana da takardun nan suke, in zan kawo su gida kowanne sai na biya masa. Abokin aikina Bature da na yi wa tallan arewa ya lissafa biza, da jirgi zuwa Yawunde ko Duwala, da wani jirgin zuwa Marwa, ya ga da wannan kuɗin zai yi mako biyu a Maroko ko Senegal inda ba a tambayarsa biza. Bai ma kai ga duba jan launin ba.

Baban_Khadija_Garwa:
Na gode jama'a, na sha karatu. Amma har yanzu yara na jira. Wanda ya san hanyar da talaka zai bi ya faɗa mini a sarari.

Yar_Jamia_Marwa:
Baba kada ka ɗauki mota tun daga Marwa. Ku hau bas daga Garwa zuwa Marwa, ku sake hawa ta Mokolo, a can ku nemi mota ta yini ɗaya ko ta kwana. Ku yi ciniki da jagora ɗaya tak kafin ku sauka, ku gaya masa abin da kuke so ku gani da abin da ba ku so, in ba haka ba kowane lungu sai an miƙo hannu. Ku riƙe canji ƙanana da katin shaidar kowa saboda shingaye.

Tsohon_Jagora_Mokolo:
Kuma a tambayi mutanen Mokolo halin da hanya ke ciki a makon tafiyar, ba wata guda kafin nan ba. A shiga da rana a fito da rana. Abu na biyu, ƙarshen Disamba hazo ne. Akwai ranar da za ka tsaya a bakin kwarin ba ka ga dutsen da ka zo dominsa ba. Nuwamba ta fi, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama a wanke. In dole sai Disamba, ku kwana, da sassafe ya fi sauƙi. A taho da rigunan sanyi na yara, can sama ba Garwa ba ce.

Direba_Domayo:
Alhaji ka yi mini magana ta gefe. Tunda motar na ajiye gara ta motsa, za mu daidaita. Mai dai naka ne.

Dan_Kasuwar_Garwa:
Kun gani? Ashe ana iya ragewa.

Direba_Domayo:
Don Alhaji ne da yara. Kai in ka zo kuɗin ƙungiya za ka biya.

Hajiya_Mai_Turare:
Baban Khadija ni shawarata daban. Kana Garwa, Lagdo na kusa da kai, ga dorina ga kwale-kwale ga giwan ruwa gasasshe. Ga kwazazzabon Kola a wajen Gidar, da rani ana shiga har ciki a ƙafa. Ka je ka dawo a yini, ba kuɗin ɗaki.

Baban_Khadija_Garwa:
Hajiya na kawo musu Lagdo, babbar ta ce ruwa suna da shi a kudu, dutse suke so.

Maman_Ikram_Ngaundere:
To in tafiyar ta tabbata a sanar a nan. Ni da yarana za mu iya hawa jirgin ƙasa... a'a, mota za mu hau zuwa Garwa mu haɗu, a raba kuɗin hayar motar tsakaninmu. Malam direba motarka mutum nawa take ɗauka?

Direba_Domayo:
Bakwai ban da ni Hajiya. In kun kai gida biyu sai dai a nemi ta biyu, kuma ta maƙwabcina tana gareji tana jiran injin daga Mubi.